Taku Tamanin

Ɗakin da suka ba tsohon taku huɗu ne a faɗi, taku shida a tsawo. Da ƙafarsa ya auna tun ranar da aka dawo da shi daga jinya. Ya je bango ya dawo, ya sake zuwa, sannan ya tsaya a tsakiya ya dubi babban ɗansa.

"Wannan ba ɗaki ba ne," ya ce. "Hanya ce kuka yi wa rufi."

Ɗan, wanda mutanen layi ke kira Manaja saboda shi ke kula da wani kanti na tayoyin mota, ya yi 'yar dariya yana juya makulli a yatsa.

"Baba, ga fanka, ga banɗaki a ciki, babu matakala ko ɗaya. Likita ya ce kada ka ƙara hawa bene. Me kuma kake so?"

"So nake ka gaya min wanda ya ba ka izinin gini a kan hanyar mutane."

"Wace hanya? 'Yan shaye-shaye ne kawai ke bi. Ni taimakon unguwa na yi."

Tsohon safiyo ne, mai awon filaye. Shekara arba'in da suka wuce, lokacin da unguwar take gonaki, shi ya ja igiya ya kafa turakun siminti ya zana titunanta. Babban titi ɗaya ya yi, ya kewaye unguwar, sai gajerun layuka suka shigo ciki, kowanne ya ƙare a ɗan fili inda mota za ta juya ta koma. A ƙarshen kowane layi kuma ya bar hanyar ƙafa, faɗinta mita uku, wato taku huɗu nasa, da magudanar ruwa a ƙarƙashinta. Gidansa shi ne na ƙarshe a layinsu. Ta gefen gidan hanyar ta bi, ta ɓulla daidai ƙofar asibitin unguwa. Taku tamanin ne. Idan kuwa ka bi titi, sai ka yi dubu biyu da ɗari huɗu.

Wata uku ya yi yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Ƙafafunsa sun tsira, amma hannun hagu ya mutu, baki kuma ya ɗan karkace, magana na fita da nauyi. Kafin ya dawo, Manaja ya kawo magina. Bakin hanyar ya zama garejin sabuwar motarsa, bayan garejin ya zama wannan ɗaki. Shi da iyalinsa kuma suka hau benen mahaifinsa.

Kwana biyar da dawowarsa, tsohon ya sa rigarsa mai kyau da safe, ya saƙala gwangwanin taswirarsa a kafaɗa, ya nufi ofishin tsara gari da ƙafa. Bai kai bakin babban titi ba motar Manaja ta sha gabansa.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Inda ka sani."

Manaja ya fito, ya riƙe shi ta hannun da ya mutu, ya ɗaga murya yadda masu shagunan bakin titi za su ji.

"Ga shi nan, na gan shi! Allah na gode. Tun asuba muke nema. Ɓata ya yi, bai gane hanyar gida ba."

"Ni ne zan ɓata a nan? Ni na..." Maganar ta sarƙe a bakinsa, miyau ya zubo ta gefe.

Mai shagon kayan miya ta girgiza kai. "Wayyo, Baba Safiyo. Tsufa kenan. Sannu da ƙoƙari, Manaja, Allah ya ba da lada."

A ranar aka sa wa ƙofar ɗakin sakata ta waje. Gwangwanin taswirar kuwa Manaja ya jefa shi a but ɗin mota, ya ce zai adana masa kada gara ta ci.

Tun daga nan duniyarsa ta zama taku huɗu da taku shida. Da safe matar Manaja za ta zare sakata, ta ajiye shayi da magani, ta mayar. Da rana haka, da yamma haka. A tsakani yana tafiya, don ya san ƙafar da ba ta tafiya mutuwa take yi. Yana tafiya yana ƙirgawa da ƙarfi, kamar yadda ya saba a fagen aiki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Juya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Idan ya haɗa tamanin sai ya ce, "Na iso asibiti," ya zauna ya huta.

Matar Manaja tana jinsa daga kicin. Idan ta yi baƙi sai ta rage murya ta ce, "Kun ji ko? Haka yake wuni. Wai ya iso asibiti. Ni tsoro ma yake ba ni."

Akwai 'yar taga a can sama a bangon baya. Bayan bangon, sauran hanyar na nan, ta zama wurin zubar da shara. A can ƙarshenta shagon wani tsohon tela yake, abokin Safiyo tun suna samari. Wata rana da hantsi sai ga muryarsa a ƙarƙashin tagar.

"Kai, Mai Igiya! Kana ciki, ko sun sayar da kai?"

Tsohon ya tashi da sauri har ya kusa faɗuwa. "Ina nan, Mai Almakashi. Wa zai saye ni? Ai kai ne mai tsada, da kake ɗinka wa mutane wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Na zo ta gaba sau biyu. Awa guda ina jan gwiwar nan a titi, na iso aka ce kana barci. Kai barcin naka ba ya ƙarewa ne?"

"Sakata ce ke barci, ba ni ba."

Tela ya ce, "Kai ka jawo mana. Da ka zana titi miƙaƙƙe kamar na mutane. Ka zo ka murɗe unguwa kamar hanjin akuya."

"Na zana miƙaƙƙe," in ji Safiyo. Ya jingina goshi da bango. "Unguwar farko da aka ba ni, rula na ɗora. Layi ya ratsa layi kamar takardar lissafi. Haka ake yi a lokacin, haka aka koya mana. Ogana ya yaba. Shekara ba ta cika ba direbobi suka gane ta nan ya fi sauri. Wata babbar mota ta take yarinya a ƙofar gidansu, da jakar makaranta a bayanta. Na je na gani. Layina ne, Tela. Ni na ja shi."

"Ka taɓa gaya min."

"To shi ya sa da aka ba ni nan na ce mota ta wahala, mai ƙafa ya huta. Mota ta zagaya, yaro da tsoho su ratsa. Oga ya ce hanyoyin ƙafar nan asarar fili ne, za su fitar da gida goma sha biyu. Wata shida muna rigima. Har ƙarin girma na rasa a kansu."

"Yanzu ga shi kana kwana a kan ɗaya."

"A kan ta goma sha bakwai. Turkenta yana ƙarƙashin gadona."

Tela ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Zan yi magana da mutane."

"Za su ce tsofaffi biyu ne suka rikice."

Damina ta sauka a makon da ya biyo. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, tsohon ya sauko da ƙafa daga gado da safe ya ji sanyi. Tayil ɗin gaban gadon ya jiƙe, ruwa ya kwanta kamar faɗin tabarma. Ya durƙusa da ƙyar ya shafa. Ta tsakanin tayil yake tsattsafowa. Ya gane nan take. An cike magudanar da ɓaraguzai lokacin gini, ruwan layin gaba ɗaya yana zuwa ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya nemi sama.

Matar Manaja ta shigo da shayi, takalminta ya zame, kofin ya kusa kifewa.

"Innalillahi! Baba! Ga banɗaki nan taku uku, amma sai a ƙasa?"

"Ba ni ba ne, 'yata. Magudana ce. Ruwa ne daga ƙasa."

"Daga ƙasa? A kan tayil sabo?"

"Ki sansana."

"Ni zan sansana? Haba, Baba. Haba!"

Ta fita ta dawo da bokiti da tsumma da ruwan maganin wari. Ta zuba rabin kwalba kafin ta fara gogewa, yadda ko da akwai abin sansanawa ya tafi. Tana gogewa tana magana da bokitin.

"Yara uku na goge wa. Na ce na gama. Ashe saura babba."

Da yamma ta gaya wa mijinta a tsakar gida. Tsohon yana jin su ta ƙofa. Ya jira ya ji abin da ɗansa zai ce, domin Manaja yana tsaye lokacin da aka juye ɓaraguzan nan. Shi ya nuna wa magina wurin.

"Ki yi haƙuri," in ji Manaja. "Likita dama ya ce za a iya kaiwa haka."

Duk ruwan da aka yi, washegari ƙasa ta jiƙe. Matar Manaja ta fara rage masa ruwan sha, ta ce idan bai sha ba ba zai yi ba. Kofi ɗaya da safe, kofi ɗaya da yamma. Leɓɓansa suka tsage, amma ƙasa ba ta daina jiƙewa ba. Bangon ya yi baƙi daga ƙasa zuwa gwiwa. Katifar ta fara warin ruma. Tari ya kama shi, irin wanda ke tashi daga can cikin ƙirji.

Ranar hutu 'yar autarsa ta zo. Malamar makaranta ce, tana aure a ɗaya gefen gari. Tana shiga ɗakin ta toshe hanci ba ta sani ba, sannan ta sauke hannun da sauri.

"Auta," ya ce, ya kama gefen mayafinta. "Kin zo. Ki saurare ni da kyau. Ki samo guduma. Tayil na uku daga ƙafar gado, ki fasa shi. Za ki ga murfin magudana, za ki ga turke a gefensa da lamba goma sha bakwai."

"Baba, ka kwantar da hankalinka."

"Hankalina a kwance yake. Ƙasa ce ba a kwance take ba. Guduma kawai."

Ta fita da hawaye ta sami yayanta yana wanke mota da kansa, abin da ba ya bar wa kowa.

"Yaya, ɗakin nan da sanyi. Tarin nan bai yi min ba. Kuma ya ce ruwa ne ke fitowa daga ƙasa."

Manaja ya matse soso. "Ya ce ki kawo guduma ko? Ni ma ya ce min. Ki ba mutumin da ke wuni yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu guduma? Idan ya kwaɗa wa wani cikin yaran nan fa?"

"Amma a duba mana."

"A duba me? Ke kin san abin da muke gani a gidan nan? Kina zuwa sau ɗaya a wata da lemo a leda, ki ce a duba. Antinki ce ke durƙuso tana gogewa kullum. Idan kin fi mu tausayi, ga shi nan, ɗauke shi. Yanzu zan buɗe miki mota."

Auta ta sunkuyar da kai. "Ka san ɗaki ɗaya muke ciki, kuma hawa na uku."

"To kin gani."

Ita ta je kantin magani da kanta. Ta dawo da ƙunzugun manya a baƙar leda, ta ajiye a bakin gado ba ta iya duban idonsa ba.

Tsohon ya dubi ledar, ya dube ta.

"Ke ma?"

"Baba, don ka samu sauƙi ne. Ba abin kunya ba ne."

"Ni na koya miki ƙirga," ya ce a hankali. "A kan hanyar nan. Kina riƙe da ɗan yatsana, muna zuwa allurar rigakafi. Kina kaiwa ashirin da tara sai ki koma ashirin. Kin tuna?"

Ta tuna. Ta fita da gudu, matar yayanta ta mayar da sakata.

Daga ranar, kowace yamma Manaja da matarsa suke shigowa su biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaura. Da safe a kwance abin a bushe yake, ƙasa kuma a jiƙe. Matar Manaja ta ce lallai cirewa yake yi ya yi abinsa ya mayar, don ya ƙuntata mata. Ta ce ashe rikicewar tasa har da mugunta.

Ruwa ya fara taruwa a filin juyawar motoci na ƙarshen layi, ya kai idon sawu, ya yi kwana uku bai janye ba. Maƙwabta suka kai ƙara. Wata safiya ofishin tsara gari ya aiko injiniya, wata matashiya da takalmin roba da allon rubutu. Ta zagaya, ta tsaya a ƙofar gareji, ta daɗe tana kallon yadda ƙasa ta gangaro.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Manaja, "ruwan nan nan yake nufa. Taswirar wannan ɓangaren da ke ofishinmu ta lalace, rabinta ba ya karantuwa. Amma wani tela a baya ya ce wanda ya zana unguwar yana gidan nan."

"Mahaifina ne. Sai dai kin makara, Injiniya. Ba shi da lafiya. Kansa ya tafi."

"Ko minti biyar zan iya ganinsa?"

"Ba ya son baƙi. Duka yake kai wa."

Suna tsaye a tsakar gida, taku goma daga ƙofar ɗakin. Tsohon ya ji kalmar taswira. Ya taso ya buga ƙofa da hannun da ke aiki, ya tattara duk ƙarfin da ya rage a ƙirjinsa.

"Goma sha bakwai! Mita uku! Turke yana ƙarƙashin gado! Taswira tana cikin mota!"

Bakin da ya karkace ya cinye rabin kalmomin. Tari ya cinye sauran. Injiniya ta juya tana kallon sakatar.

"Me yake cewa?"

"Wai akwai kogi a ƙarƙashin gadonsa," in ji Manaja, ya sauke ajiyar zuciya. "Jiya cewa ya yi ya iso asibiti, alhali yana ɗaki. Ki tambayi kowa a layin nan. Mun rufe ne don kada ya fita mota ta buge shi."

"Haka ne," in ji mai shagon kayan miya, wadda ta biyo su kallo. "A idona ya ɓata. Yaron nan yana ƙoƙari da ubansa, ba kowa zai iya ba."

Injiniya ta ƙara duban ƙofar. Tana da layuka shida da za ta duba kafin azahar. Ta rubuta wani abu a allonta, ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," ta ratsa ta gefen motar ta fita. Hannunta har ya shafi but ɗin.

Washegari Manaja ya kawo magini ya toshe 'yar tagar baya da bulo huɗu. Ya ce sauro ke shigowa ta nan, shi ke sa tarin. Tela ya zo da hantsi ya kira Mai Igiya sau uku. Tsohon ya ji kamar daga cikin rijiya. Ya amsa, amma muryarsa ba ta ratsa bulo ba.

Bayan haka ƙirgar ta fara raguwa. Yana kaiwa sittin ya zauna. Sai arba'in. Wata rana matar Manaja ta lura tun safe ba ta ji ɗaya, biyu, uku ba. Ta buɗe ta same shi kwance, jiki kamar garwashi, numfashi na fita da ƙara.

Suka sa shi a bayan mota. Manaja ya yi baya, ya ratsa ruwan filin juyawa, ya fita layi, ya bi babban titi ya kewaye unguwa. Minti ashirin suka yi saboda cunkoso a shataletale. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce sanyi ya cika huhu, ya tambaya ko a ina yake kwana.

"Ɗaki na musamman muka gina masa," in ji Manaja.

Auta ta kwana biyu a gefen gadonsa. Bai ce mata komai ba. Idan ta ba shi ruwa zai sha, ya juya fuska bango. A rana ta uku aka yi ruwa tun asuba. Da ya tsagaita, ma'aikaciyar jinya ta ce ta je gida ta kawo masa wasu kaya masu kauri. Ta hau ɗan acaɓa ta zagaya.

Matar yayanta ta miƙo mata makullin kwaɗon da aka ƙara wa sakatar. "Tun da aka fita da shi ban buɗe ba. Na goge tas na kulle. Wallahi kwana ukun nan bayana ya huta."

Auta ta buɗe. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ruwa ya shiga takalminta.

Ta tsaya. Ɗakin babu kowa. Gado a gyare. Ledar ƙunzugu a kan kujera. A ƙasa kuwa, gaban gadon, ruwa ne kwance kamar faɗin tabarma. Tana kallo wani ɗan kumfa ya taso ta tsakanin tayil, ya fashe.

"Anti," ta kira. Ta sake. "Anti! Zo."

Matar Manaja ta leƙo. Ta dubi ƙasa. Ta dubi gadon da babu kowa. Ta kai hannu baki.

Auta ta fita tsakar gida ta ɗauko taɓaryar ƙarfe da ake danne ƙofar gareji da ita. Ta ƙirga tayil daga ƙafar gado, ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga ta sauke. Sau huɗu ta buga. Siminti na ƙasa ya riga ya ruɓe, ya wargaje kamar biskit. Baƙin ruwa ya bulbulo. Ta zura hannu har wuyan hannu, ta taɓa wani abu mai kusurwa huɗu da kan ƙusa a tsakiya. Ta share laka da yatsa. Ɗaya da bakwai.

Manaja ya sauko daga bene da jin bugun. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ke, kin haukace ne? Kin san wahalar da aka sha kafin a sa tayil ɗin nan?"

"Ka sani," ta ce. "Yaya, ka sani tun farko."

"Maigida," in ji matarsa, "na hana shi ruwan sha. Wata biyu. Kana kallo."

"To me kuke so in yi? In bari a rushe min gareji? Kowa a unguwar nan ya ci tasa hanyar. Ta goma sha biyu shago ce yanzu, ta tara ɗakin janareta. Sai tawa ce za ta zama laifi? Kuma ai ba a titi na bar shi ba. Ci, sha, magani, wa ya yi masa?"

Wayar Auta ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce.

"Ki zo yanzu. Ya farka yana kiran Auta. Ki yi sauri, don Allah."

Ta fito tsakar gida. Ta saman katangar baya tana hango tankin ruwan asibiti, har tana iya karanta rubutun jikinsa. Katangar ta fi ta tsawo sau biyu, an jera fasassun kwalabe a kanta.

"Bari in fito da mota," in ji Manaja. "Ina makullin? Ke, ina kika ga makullin?"

Ba ta jira ba. Ta cire takalmi ta ratsa ruwan filin juyawa. Ta bi layi da gudu, ta wuce shagon kayan miya. A bakin babban titi babu acaɓa ko ɗaya, ruwa ya kore su. Ta ci gaba da ƙafa. Titin ya lanƙwasa hagu, ya yi nesa da asibitin kafin ya fara dawowa, kamar yadda aka zana shi don mota. Tana gudu tana maimaita abin da za ta faɗa, kada ta manta. Baba, ba kai ba ne. Na gani. Goma sha bakwai. Ba kai ba ne.

Da ta shiga ɗakin jinya, an riga an ja labule. Tela yana zaune a kan benci, hularsa a hannu. Shi shagonsa na kallon ƙofar asibiti, taku goma ya yi.

"Bai fi minti goma da cikawa ba," ya ce.

Ta durƙushe a gabansa, ƙafafunta duk laka. "Ya ce wani abu?"

"Ƙirgawa yake yi. Da aka ce an kira ki kina gida, sai ya ce to, yanzu za ta iso. Ya fara, ɗaya, biyu. Ya kai tamanin ya dubi ƙofa." Tela ya murza hular. "Sai ya sake farawa daga ɗaya. Sau uku ya yi."

Mutane sun cika gidan kwana da kwanaki. Kowa ya riƙe hannun Manaja ya ce ya yi ƙoƙari, ɗa nagari ke nan, ya riƙe ubansa har ƙarshe. Mai shagon kayan miya ta fi kowa kuka. Auta ta faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare, amma dangi suka ja ta gefe suka ce wanda ya tafi ya tafi, kada ta tona asirin gida, yayanta ne, shi ya rage mata. Ta rubuta takarda zuwa ofishin tsara gari. An karɓa, an buga mata hatimi. Matar Manaja ba ta ƙara shiga ɗakin ba, ko wucewa za ta yi sai ta kau da kai.

Kafin wata ya cika Manaja ya kawo magini, aka zuba sabon kankare mai kauri a ɗakin, aka mayar da shi wurin ajiyar tayoyi. Mutanen layi kuma suka haɗu suka kafa allo a bakin layin don tunawa da marigayi. An rubuta LAYIN SAFIYO da farin fenti. A ƙarƙashinsa tsohon allon na nan, mai jan rubutu: BA FITA.

Ruwan bai tafi ko'ina ba. Da ya rasa ɗakin, sai ya fito a gareji. Wata safiya Manaja ya tarar da jiƙa ƙarƙashin motarsa, kamar faɗin tabarma. Bai zargi motar ba. Bai rage mata ruwa ba, bai ce ta rikice ba. Nan take ya cire rigarsa mai kyau, ya kwanta a ƙasa, ya dangwala yatsa ya sansana. Sannan ya kira makaniki. Sau uku ya sa aka zo aka duba ta, ciki da waje, don ya tabbatar ba ita ba ce.